Daɓen Tudu da Daɓen Fadama

Akwai wani magini a wani gari, mai aikin kankare. Ba shi da shanu, ba shi da babbar gona. Abin da ya mallaka shi ne shebur, da cokalin gini, da 'ya'ya mata biyu. Matarsa ta riga ta rasu. Mutum ne marar yawan magana. In ka gaishe shi ya amsa. In ka tambaye shi ya ba ka rabin amsa, sauran rabin sai ka je ka gani a aikinsa.

Sunan babbar Tabita, ƙaramar kuwa Biriskila. Tabita ce 'yar fari, saboda haka bisa ga al'ada uban ba ya kama sunanta. "Ke" yake ce mata, ko ya yi gyaran murya ta san da ita yake. Biriskila kuwa auta ce, sunanta kullum yana bakinsa, har zolaya yake yi da ita. Tabita ta san al'ada ce. Ba ta taɓa gaya wa kowa abin yana damunta ba. Amma yana damunta.

Dukansu biyu suka yi aure. Tabita ta tare a kan tudu da mijinta Habila, manomin gyaɗa da riɗi. Jar ƙasa ce mai tauri, ba inuwa, rana tana dukan wurin tun daga fitowarta har faɗuwarta. Biriskila kuma aka kai ta fadama, gidan wani manomin shinkafa. Can ƙasa ba ta rabuwa da laima, in rani ya yi sai kanwa ta fito fari fat a bisa ƙasa kamar an zubar da gari.

Wata rana bayan sujada maginin ya tara su ya ce, "Ba ni da saniyar da zan ba ku. Zan zuba wa kowace daɓen shanya a gidanta."

Suka yi murna ƙwarai. Wanda yake da daɓen kankare, can zai yi sussuka, can zai yi shanya, hatsinsa ba zai gauraya da ƙasa ba.

Ya fara da na fadama, don a gama kafin ruwa ya dawo. Tabita ta sauko daga tudu ta taya ƙanwarta dafa wa ma'aikata abinci. Daga bakin murhu take kallon aikin, ba abin da ya wuce ta.

Ta ga uban ya sa an wanke yashi a cikin rabin duro sai da ruwan ya fito garau. Ta ga wani lebura ya ɗebo ruwa a kududdufin da ke kusa, uban ya ɗanɗana da yatsa ya tofar.

Ya ce, "Wannan duk kanwa ce, kai wa mata su dafa wake. Ba na gini ba ne."

Sai da aka tura amalanke rijiya mai nisa aka kawo ruwan daɗi. Uban ya cika wurin da tsakuwa har ya ɗago daga ƙasa, ya shimfiɗa leda, ya jera rodi, ya ɗora rodin a kan 'yan gutsattsarin kankare domin ya zauna can tsakiya, kada ya taɓa ƙasa. Sa'an nan aka fara kwaɓi. Siminti ya yawaita, ruwa kuwa kaɗan.

Leburan suka fara gunaguni. Ɗaya ya ce, "Haba Baba, a ƙara ruwa mana. Wannan kwaɓi ai ya fi tuwon jiya tauri."

Maginin ya ce, "Ruwan da ka ƙara yau, in ya bushe ƙofa yake bari. Ta ƙofar nan kanwa za ta shiga. Daka."

Suka yi ta dakawa da katako har kwaɓin ya haɗe, ba rami ko ɗaya. Da aka gama ya rufe daɓen da ciyawa, ya gaya wa mijin Biriskila yadda zai riƙa yayyafa ruwa, ya ɗauki kayansa ya tafi. Tabita ce ta tattara buhunan siminti da aka zazzage, ta ninke wa ƙanwarta. Tarin ya yi tsawo har ta yi ta mamaki. A ranta ta ce, in auta ta sami wannan, to, bari mu ga na babba.

Bazara ta kawo kai sa'ad da maginin ya hau tudu. Tabita ta fito tarye. Ta dubi amalanken, ta sāke duba. Buhunan siminti ba su kai na fadama ba. Ba leda. Rodi ɗan kaɗan. Abin da ya cika amalanken tsakuwa ce manya-manya.

Ta ce, "Sannu da zuwa, Baba. Sauran kayan suna hanya ne?"

Ya ce, "Su ke nan."

Ta kawo masa ruwa ya sha. Amma tuwon da ta tuƙa ranar ya yi gudaji.

Shi kuwa ya kama aiki. Ya raba filin gida-gida da siraran katako, kamar yadda ake raba fangalin albasa. Ba ya kwaɓi da tsakar rana, sai da sanyin safiya da kuma la'asar. Kafin ya zuba sai ya jiƙa ƙasa, ya jiƙa tsakuwar ma. Habila ya tambaye shi dalilin katakon.

Ya ce, "Rana ta buga shi zai miƙe. Sanyi ya sauka zai takure. In ba ka ba shi wurin motsi ba, shi zai nema da kansa."

Tabita ba katako take kallo ba. Buhu take kallo. Ita mai girki ce, a gindin murhu ta girma, abin da ta sani kuwa shi ne, ɗan da ake ji da shi, shi ake tsiyaya wa mai a kan tuwo. Wanda ba a damu da shi ba a cika masa kwano da gaya. A idonta siminti shi ne man, tsakuwa ita ce gayan tuwon.

Ta sami mijinta a bayan rumbu ta ce, "Maigida, ka ga abin da na gani? Auta an yi mata miya da mai, ni an cika mini kwano da duwatsu."

Habila ya ce, "Ni dai ban san gini ba. Tsohon nan kuwa tun ba a haife mu ba yake yi."

Ta ce, "Ai ba gini nake maka magana ba."

Ya koma bakin aiki, gama ya san matarsa.

Saura gida ɗaya a gama daɓen, sai aka aiko wa maginin cewa wani dattijon ikkilisiya, abokinsa, ya rasu. Ya wanke hannu. Ya nuna wa Habila awon, kwano kaza na yashi, kwano kaza na tsakuwa, siminti iya nan, ruwa iya nan. Ya ce a zuba da la'asar. Ya tafi jana'iza.

Ƙurarsa ba ta kwanta ba Tabita ta kama akuyarta ta kai kasuwa ta sayar, ta komo da siminti a bayan jaki. Ba ta jira la'asar ba. Rana tana tsaka ta sa mijinta ya ɗauki shebur. Ta zazzaga siminti son ranta. Ta sa ƙafa ta ture rabin tsakuwar gefe. Kwaɓin ya yi danƙo ya kama shebur, sai ta yi abin da kowace mai girki take yi, ta ƙara ruwa. Ta ƙara kuma, har ya koma kamar kunu.

Habila ya ce, "Uwargida, wannan sha za mu yi ko zubawa?"

Ta ce, "Zuba dai."

Suka zuba. Ta karɓi cokalin ginin da kanta ta yi ta shafa har fuskar ta yi sumul, tana ƙyalli kamar tangaran. Ta ja da baya ta duba. Gidan nan ɗaya ya fi sauran duka kyau. Ranta ya yi fari.

Kashegari maginin ya dawo. Ya tsaya a bakin daɓen ya daɗe yana kallo. Ya ga tsakuwar da aka ture, ya ga buhun da ba nasa ba. Ya tsuguna ya shafa wurin da tafin hannu.

Ya ce, "Wa ya yi wannan miya?"

Tabita ta ce, "Ni ce, Baba."

Ya ce, "To."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ya tashi ya nemi buhunan algarara ya jiƙa su, ya lulluɓe daɓen duka, har da gidan da ta zuba. Ya kafa 'yan sanduna ya rataya zana ta gefen da iska mai zafi take bugowa. Bai koma gida ba. Ya shimfiɗa tabarmarsa a zauren Habila ya zauna. Da asuba yana bakin rijiya, rijiyar tudu kuwa zurfi gare ta. Ya ɗebo ya jiƙa buhunan. Kafin hantsi sun bushe, ya sāke jiƙawa. Da azahar haka, da yamma haka. Kwanaki suka yi ta wucewa, tsohon yana nan tsakanin rijiya da daɓe, igiyar guga ta yi masa kanta a hannu. Habila ya ce ya bari ya taya shi, tsohon ya ce, "Je ka gyara gonarka." Tabita tana kai masa tuwo yana ci. In ya gama ya ce, "Madalla," ya miƙa kwano. Ita kuwa a ranta cewa take, da ya kawo siminti isasshe da bai sha wannan wahala ba.

Sai da ya gamsu sa'an nan ya kwashe buhunan ya tafi.

Rana ta sami daɓen tsirara. Ba a daɗe ba gidan Tabita mai ƙyalli ya fara fitar da 'yan layuka kamar saƙar gizo. Ta ce ƙura ce, ta share. Layukan suka buɗe. Damina ta zo ruwa ya shiga ciki. Da kaka ta yi, tsaga ta ratsa shi daga wannan gefe zuwa wancan, fuskar tana ɓarewa kamar ɓawon ƙwai. Sauran gidajen, masu kaushi, masu tsakuwa, suna nan yadda aka bar su.

Suka kaɗe riɗi suka baza a kan daɓen. Wanda ya faɗa gidan Tabita ya yi ta zurarewa cikin tsaga, tururuwa suka yi layi suna kwasa. Ta durƙusa da tsinke tana tonowa. Habila ya zo wucewa ya ce, "Ai kuwa miyar ta yi daɗi, ga baƙi sun zo ci." Ta jefe shi da tsintsiya.

Ta gane hannunta ne ya ɓata wurin. Amma wancan ƙullin bai kwance ba. Har yanzu tana cewa, ko ma mene ne, auta aka fi kashe wa kaya. Tun daga bazara ba ta taka gidan ubanta ba. In an tashi sujada ta gaishe shi a tsaye ta wuce. Bisa ga yadda suka saba, mudun farko na sabon amfani nasa ne. Ta auna, ta ɗaure, ta ajiye a ɗaki, ta kāsa kaiwa.

Ana nan sai Biriskila ta haihu, Tabita ta sauka fadama suna. Hanya ta bi da ita ta gidan wani maƙwabcin su Biriskila wanda shi ma yake da daɓe, irin kwaɓin da ake yi ko'ina, ba daɗewa aka yi ba. Ta taka gefensa sai ya marmashe a ƙarƙashin ƙafarta kamar busasshen ƙuli. Kanwa ta yi masa fari, rodi ya fito waje ja wur da tsatsa, ya kumbura ya fasa abin da ke kansa. Ta ƙarasa gidan ƙanwarta. Nasu yana nan daram, shinkafa a baje a kai.

Da baƙi suka ragu suka zauna su biyu, jaririn yana cinyar Tabita. Sai Biriskila ta ce, "Yaya, ni fa ina da magana a cikina tun bazara. Haushinki nake ji."

Tabita ta ce, "Haushina? Ke da aka juye wa siminti kamar za a gina gada?"

Biriskila ta ce, "Siminti! Siminti zan yi hira da shi? Baba ya zo nan ya zuba abinsa ya kama hanya, ko tuwona bai ci na kirki ba. Ke kuwa ya tare a gidanki har mutane suna tambaya ko ya ƙaura ne. Aka ce da hannunsa yake jan ruwa, safe da yamma, kamar mai renon jariri. Na ce, ai shi ke nan, ta fari ita ce 'ya, mu sunanmu kawai ake kira."

Tabita ta dubi ƙanwarta. Ta tuna tsohon a bakin rijiya da asuba. Ta tuna kantar hannunsa sa'ad da yake miƙo mata kwano. Duk kwanakin nan yana zaurenta, ita kuwa tana can tana lissafin buhu. Sai dariya ta kama ta, tana yi hawaye yana zuba, har jaririn ya farka.

Kashegari ta ɗauki mudun riɗin ta tafi gidan ubanta. Ta same shi yana kankare busasshen siminti daga shebur. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, ta ajiye ƙullin a gabansa.

Ta ce, "Baba, daɓen ya tsage. Wurin da na zuba."

Ya ce, "Na sani tun ranar."

Ta ce, "Me ya sa ba ka yi mana iri ɗaya ba?"

Ya ci gaba da kankarar shebur, can ya ce, "Abin da zai ci nata daga ƙasa yake fitowa. Abin da zai ci naki daga sama yake saukowa. Nata in bai toshe ba kanwa ta shiga. Naki in siminti ya yi yawa rana ta ja shi ya tsage, tsakuwa ce take riƙe shi. Nata kaya yake so. Naki zama yake so."

Ya kwance ƙullin, ya ɗebi riɗin ya watsa a baki, ya tauna.

Ya ce, "Ke. Gobe ki tara mini tsakuwar nan da kika ture. Ina zuwa."

Ya zo kuwa. Ya fasa gidan da ya lalace ya sāke zubawa. Tabita da kanta ta riƙa ɗauko tsakuwar a kwano tana juyewa. Da aka lulluɓe da algarara, ita ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, ta tsiyaya masa mai a kan tuwo har ya ce ya isa.

Ma'anar wannan misali ita ce, maginin nan Ubangiji ne. Daɓen kuwa ku ne. Tudu da fadama su ne wuraren da ya ajiye kowannenku. Kanwa da rana su ne abubuwan da za su same ku a can, waɗanda ku ba ku gani ba tukuna, shi kuwa ya riga ya gani.

Allah ba ya kwaɓa 'ya'yansa iri ɗaya. Ba don ya fi son wani ba ne. Ya san inda zai kafa kowa. Yarinyar da za ta tafi birni karatu, ta zauna cikin mutanen da ba su san tsoron Allah ba, abin da zai ci ta a hankali yake shigowa, ta ƙananan ƙofofi, kamar kanwa. Dole a toshe ta sosai tun tana gida, ko da za ta ce an matsa mata. Matar da mijinta ya rasu ya bar ta da yara, ita a fili take, rana tana dukanta kowa yana gani. Wataƙila ba a ba ta kaya da yawa ba. Amma ku tambaye ta wanda yake zaune a zaurenta, za ta gaya muku.

Da yawa a cikinku kuna nan kuna ƙirga buhun ɗan'uwanku. Wane ya sami aiki, wance ta haihu, ni tsakuwa aka ba ni. Tsakuwar nan da kake rainawa, aikin wahala, da jira, da rashin samun yadda kake so, ita ce za ta riƙe ka ranar zafi. Wanda kake kishi kuma, mai yiwuwa yana can yana kishinka.

Kada kuma ka jira maginin ya juya baya ka ƙara wa kwaɓin abin da ranka yake so. Zai yi ƙyalli, mutane za su yaba. Kaka tana zuwa. In kuwa ka riga ka yi, har ya tsage, kada ka zauna kana tonon riɗi da tsinke. Tashi ka je ka faɗa masa. Ya sani tun ranar, shebur ɗinsa kuma yana nan.

Ku iyaye, ku ma ku ji. Raba daidai ba shi ne a ba kowane yaro abu iri ɗaya ba. Ku dubi yaron, ku dubi inda za shi. Wani tsawa yake bukata, wani zama. Amma ku buɗe baki ku gaya musu dalili. Maginin nan ya iya kwaɓi, sai dai da ya yi magana tun farko da akuya ba ta tafi kasuwa ba. A nan ne bai kai Ubangiji ba, gama shi Ubangiji bai yi mana shiru ba, mu ne ba ma saurara.

In kun koma gida yau, kowa ya bar leƙen tarin buhun maƙwabcinsa. Ya dubi wanda yake jan masa ruwa tun asuba, ya gode. Mu yi addu'a.